Bayanin ɗora Debian da muke rabawa ya tsufa, wa zai riƙa kula da shi?

Abu Sumayya:
Slm jama'a, barkanmu da warhaka. Magana ce a kan PDF ɗin nan na yadda ake ɗora Debian, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, da muke tura wa duk wanda ya shigo ya ce yana so ya gwada Linux. An rubuta shi ne zamanin Debian 11 bullseye a 2021, bayan nan Debian 12 ta fito a watan Yunin 2023, Debian 13 trixie ta fito ranar 9 ga Agustan 2025, mu kuma har yau shi muke ta turawa kamar ba abin da ya canza. Na bi shi layi-layi da sabon ISO, wato fayil ɗin da ake saukewa a ɗora Debian da shi, tun a shafi na biyu ya ce mutum ya je ya nemo ISO ɗin da ba na hukuma ba saboda wifi, alhali tun daga Debian 12 an zuba fayilolin firmware da wifi ke buƙata a cikin ISO na hukuma, har sashe aka buɗe musu mai suna non-free-firmware, kuma layukan sources.list (jerin wuraren da Debian ke sauko da manhajoji) da ke cikin littafinmu ba su ma san da shi ba. Ga shi Windows 10 tallafinta ya ƙare 14 ga Oktoban 2025, masu tsofaffin laftof da ba za su ɗauki Windows 11 ba sai shigowa suke. Gyara na yau mai sauƙi ne, zama ɗaya zai isa. Abin da nake tambaya shi ne wa zai riƙa kula da shi daga yanzu, kuma ta wace hanya.

Ɗan Beirut:
Wslm oga. Wlh ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. A shago ina ganin sakamakon abin nan, yaro zai zo da laftof ya ce ya bi bayanin Hausa ya maƙale, in ka duba sai ka ga UNetbootin ya yi amfani da shi ya haɗa filash saboda haka littafin ya ce, su Debian da kansu sun daɗe suna cewa a daina amfani da shi a kan ISO ɗinsu. Yanzu Rufus ne ko Ventoy ko balenaEtcher, kuma Rufus ɗin ma in ya tambaye ka gara ka zaɓi DD.

Dattijo:
Assalamu alaikum. Ni na rubuta mafi yawan abin da ke ciki, kuma duk layin da ke ciki daidai yake a ranar da aka rubuta shi, a kan kwamfuta ta gaske aka gwada. Abin da nake so yaran nan su gane shi ne ba duka littafin ne ya tsufa ba. Bayanin mene ne fatishan, me ya sa za ka kwashe fayilolinka kafin ka fara, bambancin UEFI da tsohon BIOS (saitin da ake shiga kafin kwamfuta ta tashi), yadda za ka tabbatar ISO bai lalace a hanya ba da SHA256, waɗannan suna nan daram. Kada a zo da zafin gyara a watsar da su.

Abu Sumayya:
Haka ne Baba, Allah ya saka da alheri, ba wanda ya raina aikin. Da yawanmu da shi muka fara.

Bazazzagi:
Ni fa ra'ayina daban ne, ku yi min haƙuri. Me zai sa mu wahalar da kanmu? Debian suna da nasu littafin ɗorawa da ake fitarwa tare da kowace siga, akwai mutanen da aikinsu kenan, ga kuma bayanin fitarwa da ke lissafa abubuwan da suka canza da waɗanda za su iya ba ka matsala. Mu rubuta shafi ɗaya kawai da Hausa mu ce je ka can ka karanta. Duk abin da muka kwafo muka fassara ranar da suka canza nasu namu ya mutu, mu kuma ba mu da mutanen da za su riƙa bin sawu

Maman Hanif:
Ɗan'uwa Bazazzagi ka taɓa zama da wanda bai taɓa shiga BIOS ba kuwa? Ina koyar da kwamfuta, yawancin ɗalibaina mata ne da suka gama sakandare, wasu matan aure. Littafin Debian na hukuma yana da kyau amma dogo ne, an rubuta shi don kowace irin na'ura a duniya, yarinyar da ke riƙe da HP ɗin gwanjo ba za ta iya tsamo layuka goman da suka shafe ta daga ciki ba. Ita so take a ce mata danna F9 ki zaɓi filash, in Dell ce F12, in sikirin ya nuna kaza ki zaɓi kaza. Wannan shi ne amfanin namu. Inda na yarda da kai shi ne haɗarin, domin ni da kai in muka ga umarni ya ƙi aiki mun san littafin ne ya tsufa, ita kuwa cewa za ta yi ita ce ba ta iya ba, ko Linux ɗin ne ba shi da kyau, ta rufe ta koma inda ta fito kuma ba za ta sake dawowa ba. PDF ɗinmu ko kwanan wata babu a jikinsa, kamar magani ne da ba a rubuta ranar lalacewarsa a kwali ba, mai sha ba shi da yadda zai yi ya sani.

Bazazzagi:
Na ji Malama, wannan gaskiya ne. To amma in za mu riƙe namu sai dai a bar harkar PDF

Ɗan Beirut:
A bar PDF a koma ina? Mutane a waya suke karantawa, kuma lokacin da kake ɗorawa kwamfutar ba ta da intanet, wani ma datarsa ta ƙare wajen sauke ISO. PDF ka sauke sau ɗaya shikenan.

Bazazzagi:
Matsalar PDF in ya fita ya fita, ba ka da iko da shi. Wanda aka tura a 2021 yana cikin wayoyin mutane yana yawo daga wannan guruf zuwa wancan, ko mun gyara namu yau wancan zai ci gaba da yawo. Ni shawarata asalin rubutun ya zauna wuri ɗaya a git, manhajar da ke ajiye tarihin gyare-gyaren rubutu, kowa ya ga wa ya canza me kuma yaushe, in an yi kuskure a dawo da na baya, daga nan sai a riƙa fitar da PDF, a saman kowane shafi a rubuta da manyan baƙi: wannan na Debian 13 ne, an gwada shi a wata kaza shekara kaza, in ka ga lambar da ke sikirinka ta bambanta ka tsaya ka nemi sabo. Ko sunan fayil ɗin ma ya ɗauki lambar sigar

Maman Hanif:
Wannan layin na saman shafi shi ne abin da na fi so a duk maganar. Git kuwa ku kuka iya, ni dai a ba ni hanyar da zan turo gyara ko da a nan ne wani ya shigar.

Abu Sumayya:
Za a iya haka Malama, ki rubuto a nan ni ko Bazazzagi mu shigar da sunanki.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa, ina biye da ku daga Zinder. In za a gyara don Allah a tuna da mu. Kwamfutocin da ke shigo mana da yawa daga Faransa suke, madanninsu AZERTY ne, littafin kuma cewa ya yi a zaɓi na Amurka kawai a wuce. Mutum zai zaɓi haka ya rubuta kalmar sirri, harafin da ya danna daban wanda ya shiga daban, a ta koma q, lambobi ma ba a wurinsu suke ba, kuma kalmar sirri ba ta fitowa a sikirin balle ya lura. In daga baya aka gyara masa madannin sai kalmar ta ƙi buɗewa. A sa hoton madannai biyun a ce duba naka. Sannan wurin agogo akwai Niamey, ba Lagos kaɗai ba, duk da lokacin ɗaya ne.

Dattijo:
Madalla. Ka ga irin wannan ba tsufa ba ne, giɓi ne, wanda yake Kano ba zai gan shi ba sai an faɗa masa. A ƙara har da yadda ake kunna madannin Hausa bayan an gama, yana nan cikin jerin madannai a ƙarƙashin Najeriya, akwai na Gana ma, don masu son rubuta ƙ da ɗ da ɓ.

Yarima:
slm don Allah ni sabo ne, jiya na sauke PDF ɗin ina shirin yi a ƙarshen mako, laftof ɗina Windows 11 ce a kai ina so in bar ta in ƙara Debian a gefe, kenan kar in bi shi?

Ɗan Beirut:
Dakata tukuna ƙanina, kar ka taɓa komai. Kai ne ma misalin da muke nema. Littafin bai ce komai a kan BitLocker, makullin diski na Windows, ba saboda lokacin ba kowa ke cin karo da shi ba, yanzu kuwa Windows 11 tana iya kulle diskin da kanta ba tare da ka lura ba, musamman daga 24H2 in ka shiga da akawun ɗin Microsoft. Littafin ya ce ka shiga BIOS ka kashe Secure Boot, to kana kashewa Windows za ta iya tashi da shuɗin sikirin tana neman mabuɗi mai lamba 48, in ba ka da shi ba ka da fayilolinka, ni ba zan iya buɗe maka ba, ba wanda zai iya a kasuwar nan. An kawo min irin wannan, mai ita ta sayi laftof ɗin a hannu, akawun ɗin da mabuɗin yake ciki na wanda ya saita mata ne kuma ba ta san inda yake ba, aikin makarantarta duk yana ciki, tana tsaye tana kallon sikirin tana tambayata ko akwai wata dabara. Babu. Kuma abin haushin kashe Secure Boot ɗin ma ba dole ba ne, Debian tana tashi da shi a kunne tun Debian 10.

Yarima:
innalillahi, na gode yaya Allah ya saka. to ina zan ga mabuɗin

Ɗan Beirut:
Shiga saitin Windows ka nemi wurin ɓoye bayanan diski ka ga ko a kunne yake, in a kunne yake mabuɗin yana cikin akawun ɗinka na Microsoft, ka buɗe ta waya ka kwafe shi a takarda da biro. Sannan ka kwashe fayilolinka a wani wuri daban.

Abu Sumayya:
Kun gani ko. Wannan gargaɗin shafin farko ya kamata ya hau, kafin ma a ce sauke ISO. Kuma abin lura a nan, ba Debian ce ta canza ba, Windows ce. Kenan ko da mun bi shawarar duba littafin duk lokacin da Debian ta fito, wato kusan duk shekara biyu, ba zai isa ba. Ku tuna watan Agustan 2024 da wani sabuntawar Windows ya hana wasu masu Linux da Windows a kwamfuta ɗaya tashi, sikirin yana nuna saƙon SBAT, tsofaffin ISO ma wasu suka daina tashi da Secure Boot. Ba wanda ya taɓa littafin kowa amma ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsa.

Dattijo:
Shi ya sa nake ganin a raba shi biyu. Kashi na farko abin da ba ya saurin canzawa, a rubuta shi da natsuwa a bar shi. Kashi na biyu gajere, shafi uku ko huɗu, a tara duk abin da ke ruɓewa a ciki: inda ake sauke ISO, girmansa, hotunan sikirin, layukan apt (abin da Debian ke sauke manhajoji da shi), sunayen manhajoji. Mai gyara ya san inda zai duba, ba sai ya karance littafi duka ba. Kuma a rage hotuna. Hoto ne ke fara tsufa, kun ga Ubuntu da suka sauya manhajar ɗorawarsu gaba ɗaya a 23.04 ta shigo 24.04, duk wani bayani mai hotunan tsohuwar ya zama sai an sake ɗauka daga farko.

Maman Hanif:
Baba a nan kam ban bi ka ba, a gafarce ni. Hoton nan shi ne rabin karatun ɗalibaina. Wurin raba diski musamman, in ba ta ga hoton da aka zagaye layin da za ta zaɓa da ja ba hannunta rawa yake, kuma tana da gaskiya domin layi ɗaya ne tsakanin ajiye Windows da share ta. A rage na wuraren da ba su da haɗari kamar zaɓen harshe, amma na diski da na kalmar sirrin root (babban akawun mai iko da komai) a bar su, ni na ɗauki nauyin sake ɗaukarsu duk lokacin da sabuwa ta fito.

Dattijo:
To Malama, tunda akwai mai ɗauka na janye.

Bazazzagi:
Tunda an ambaci root, wannan wurin ma a gyara bayaninsa, kullum sai an yi tambayar a nan. In ka sa wa root kalmar sirri lokacin ɗorawa ba za a saka ka cikin masu sudo (umarnin da ke ara maka ikon root) ba, in ka bar wurin fayau sai a ba ka sudo. Littafin ya ce a cike, can gaba kuma duk umarninsa da sudo suka fara. Sannan akwai apt-key a babin ƙara manhajoji, babu shi kwata-kwata a trixie. Ga pip install na ɗora kayan Python da tun Debian 12 yake ƙin yi kai tsaye sai a cikin venv. Ni da za a bi tawa duk babin bayan ɗorawa a cire shi ya zama littafi daban, shi ya fi kowanne saurin lalacewa

Abu Sumayya:
Akwai wani kuma da ya fi ba ni tsoro, a sources.list littafin ya rubuta stable maimakon sunan sigar. Wanda ya kwafa haka, ranar da sabuwar Debian ta fito kwamfutarsa za ta fara jawo kayan sabuwar ba tare da ya shirya ba, ga cin data ga rabin tsari sabo rabi tsoho. A rubuta trixie ƙarara. Wanda kuma ya ɗora daga ISO na DVD a gaya masa ya rufe layin cdrom, in ba haka ba apt zai ta neman faifan da babu shi.

Ɗan Beirut:
To ni ga tambayata, tsohon littafin za a goge shi ne? Domin akwai masu ƙananan laftof ɗin nan na da masu Atom N270, 32-bit ne zalla, trixie kuma ta daina fitar da ISO na ɗorawa na i386, wato na 32-bit. Mutum ya zo da ita ita kaɗai gare shi, yaransa ke koyon taifin a kai, me zan ce masa

Bazazzagi:
A goge. In aka bar biyu mutane za su riƙa ɗaukar wanda bai dace ba, kuma su Debian ma shawarar da suka bayar ita ce in na'urar tana ɗaukar 64-bit a sake ɗora mata shi, in ba ta ɗauka a yi mata ritaya

Ɗan Beirut:
Ritaya a ƙasar da ake canza laftof duk bayan 'yan shekaru daban, a nan daban. Wanda ya tara kuɗi da ƙyar ya saya ba zan ce masa ya jefar ba.

Dattijo:
Ku tsaya, kowa yana da gaskiyarsa. Da farko yawancin waɗanda ake cewa 32-bit ne ba haka ba ne, Windows 7 mai 32-bit aka ɗora musu shi ya sa mai ita yake zaton haka, Core 2 Duo duk suna ɗaukar 64. A sa a littafin yadda za a duba, a tashi da filash a rubuta lscpu a karanta layin da ke nuna 32-bit, 64-bit. Waɗanda suka rage da gaske, irin Atom ɗin da ka faɗa da Pentium M da Core Duo na farko, a yi musu shafi ɗaya na Debian 12 tunda ita tana da i386 kuma ana ba ta gyaran tsaro har yanzu, a rubuta a sama cewa wannan hanya ce mai ƙarewa, a duba ranar ƙarewar tallafin a rubuta ta, ranar da ta cika a sauke shafin. Na bullseye kuwa a daina tura shi, a cire shi daga saƙon da aka maƙala a sama.

Bazazzagi:
Na yarda da sharaɗin ranar saukewa. Amma wa zai gwada shi? Ni ba ni da irin na'urar kuma VirtualBox, mai kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, ba zai nuna matsalar wifi ko BIOS ba

Abu Sumayya:
Wannan ita ce ƙa'idar da nake so mu tsayar, kuma ina ganin ta fi git da PDF muhimmanci. Kada layi ya shiga littafin sai wani ya yi shi da hannunsa a kan na'ura ta gaske, ya rubuta wace na'ura ce da wane ISO. Ba kwafowa daga bidiyo ba, ba na ji an ce ba. A ƙarshen littafin a yi jadawali: irin laftof, sigar Debian, wata da shekara, abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba. In shekara ta wuce ba wanda ya sake gwada wani sashe, a sa masa alamar cewa ba a tabbatar ba kwanan nan, yadda Arch Wiki suke manna wa shafin da ya tsufa alama kowa ya gani. Gara mu ce ba mu duba ba da mu bar mutum yana zaton mun duba.

Ɗan Damagaram:
Ni zan riƙe na AZERTY da agogo. Af, a ƙara da maganar agogon da ke kaucewa da awa ɗaya in mutum ya koma Windows daga Linux, ana yawan tambayata, su zata batirin agogon ne ya mutu har su je a canza.

Ɗan Beirut:
Wanda ke shago shi ya fi kowa samun na'urori, ku bar min gwaji. Akwai EliteBook da Latitude da ThinkPad a hannuna yanzu, akwai ƙaramar Atom ɗaya a ƙasan kanta in batirinta ya yarda. Abin da ba ni da shi shi ne mai Intel RST, irin wadda manhajar ɗorawa ba ta ganin diskin sai an mayar da shi AHCI, kuma mayarwar in ba a shirya Windows ba tana hana ta tashi, wannan sashen ba zan rubuta shi da ka ba. Duk mai irinta a Kano ya taimaka ya leƙo da ita.

Maman Hanif:
In kun gama daftarin ku ba ni kafin a sake shi. Zan ba ɗalibai biyu da ba su taɓa yi ba, in zauna a gefe ba zan ce musu komai ba, duk inda suka tsaya suna kallona in sa alama a wurin.

Yarima:
yaya Ɗan Beirut na duba, a kunne yake, na ga mabuɗin na kwafe a takarda. filash ɗina 4GB ne zai isa?

Ɗan Beirut:
Ƙaramin ISO na netinst bai kai giga ɗaya ba zai shiga, amma shi yana buƙatar intanet lokacin ɗorawa kuma zai ja data sosai, in wifi ya ƙi ka haɗa wayarka da kebul ka ba shi ta nan. In na live kake so wanda za ka gwada kafin ka ɗora, nemi 8GB. Turo min sunan laftof ɗin da lambar da ke ƙasanta tukuna in ga ko tana cikin masu RST, in ita ce to kai za mu fara gwadawa da kai, ka zo da ita ranar Asabar bayan la'asar da cajarta.